KIWON AWAKIN TATSA A CIKIN GIDA

Wannan takarda ta shafi maigida, ta kuma shafi uwargida, don kuwa a ƙasarmu akasarin awakin da ke cikin gida na mata ne. Su ke ba su dusa, su ke sanin wadda ta ɗauki ciki da wadda ta ƙi cin abinci. Saboda haka wanda takardar nan ta shiga hannunsa, sai ya daure ya karanta wa iyalinsa.

Ba kowane manomi ke da halin ajiye saniya ba. Saniya tana da tsada, tana da ci, in ta mutu kuwa an yi babbar hasara. Amma da wuya ka shiga gida a ƙauye ba ka tarar da akuya biyu ko uku ba. Abin mamaki, sai ka ga gidan da ke da awaki shida yara na shan kunu ba madara, uwargida kuma tana jiran mai tallar nono kafin ta dama fura. In ka tambaya sai a ce maka, ai awakin nan ba su da nono, ko 'ya'yansu ba ya isa. Gaskiya ne ba ya isa, amma laifin ba na akuyar ba ne. Akuyar da ta wuni tana yawo a juji tana lasar takarda, da yamma aka watsa mata ɗan ƙaiƙayi, da me za ta yi nonon? Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Awaki biyu kacal, in an tanadar musu abinci tun kaka, aka kuma tsara lokacin haihuwarsu, za su iya ba gida madara kamar wata shida a shekara, ga 'ya'ya na sayarwa, ga taki na kai wa gona. Yadda za a yi haka shi ne abin da za mu duba.

WACE AKUYA ZA KA AJIYE?

Kada ka tafi neman iri nesa. Jar akuyar nan tamu, wadda a ke kira jar Sakkwato, a Nijar kuma a ce jar Maraɗi, ta isa. An fi saninta saboda kyan fatarta, wadda tun zamanin ayari a ke ƙetare hamada da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma tana da nono daidai gwargwado, tana yawan haifar tagwaye, ta kuma saba da zafinmu da cimarmu. A Maraɗi har cibiya ta musamman aka kafa don kyautata wannan iri, a Shika kusa da Zariya ma masu bincike suna kiwonta. In ta sami abinci takan ba da kamar rabin lita a rana, mai kyau ƙwarai ta kusanci lita ɗaya, har tsawon wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa. Dogayen awakin nan na Buzaye da na Barno su ma suna da nono, sai dai ba su son wurin da ruwan sama ya yi yawa.

Za ka ji labarin awakin ƙasashen Turai, irin farar nan ta Suwizalan da a ke kira Saanen, masu ba da lita biyu ko uku a rana. Labarin gaskiya ne. To amma cinsu daidai da nononsu yake, zafi kuma yana wahalar da su, kuɗinsu ba kaɗan ba. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ƙware da tamu tukuna.

Wajen saye, ya fi kyau ka saya a hannun wanda ka sani, inda za ka iya tambayar labarin uwar akuyar, don yawan nono gado ne. Nemi wadda ta taɓa haihuwa sau ɗaya ko biyu. Buɗe bakinta ka duba haƙoran gaba na ƙasa, su takwas ne. In manyan haƙora biyu ne suka fito a tsakiya, ta ɗan haura shekara ɗaya. In huɗu ne, wajen shekara biyu. In duk takwas sun zama manya, ta kai huɗu ko ta wuce. Mai manyan haƙora huɗu ita ce daidai. Sa'an nan ka tsuguna ka shafa hantsarta. A same ta da laushi, ba ƙullutu a ciki, ɓangarorin biyu daidai wa daida, kawunan nonon kuma su isa a kama da hannu. Hantsar da ta zazzago har ƙasa ƙaya za ta yage ta. Akuyar da aka ce ta taɓa yin ɓari, ko gwiwarta ta kumbura, bar ta ko kyauta ce. Dalilin yana nan gaba.

LISSAFIN ABINCI

Nan ne maganar take, nan kuma akasarinmu mu ke faɗuwa. Da damina ba wuya, ga ciyawa ko'ina, kyasuwa da harkiya da gadagi, sai dai yaro ya yanko. Wuyar tana rani. Tun daga Nuwamba har ruwa ya zauna a Yuni, wata bakwai ke nan, wajen kwana 210.

Akuya mai nauyin kilo 25 da ke shayarwa tana cin busasshen abinci kusan kilo ɗaya a rana. Awaki biyu, kilo biyu. A kwana 210 ya zama kilo 420. Ka ƙara na 'ya'yansu in sun fara ci, da wanda za a tattake, sai ka ga kana bukatar wajen kilo 500. Ɗauki damin harawa ɗaya irin wanda ka saba ɗaurewa, ka kai wurin mai sikeli ya auna maka, sa'an nan ka san dami nawa za ka ajiye. Wannan ɗan lissafi shi ke gaya maka awaki nawa za ka iya riƙewa. In harawarka ta awaki biyu ce, kada ka riƙe biyar.

Na taɓa zuwa wani gida a watan Afrilu, na tarar da awaki tara, uku suna shayarwa, duk ana ƙirga haƙarƙarinsu. Maigidan ya sayar da harawarsa tun Disamba da ya ga ta yi kuɗi. A lokacin da na je yana sayen dami ɗaya a kan kuɗin da ya sayar da biyu, 'yan awaki biyu kuma sun riga sun mutu. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, bukata ce ta taso. Amma da ya sayar da taure biyu a lokacin ya bar harawar, da ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Harawar wake da ta gyaɗa su ne gaba ga akuyar tatsa, don suna da sinadarin gina jiki wanda kara da tattaka ba su da shi. Amfanin harawa a ganyenta yake. A yanke ta tun ganyen yana kore bai kakkaɓe ba, a bar ta ta bushe, a naɗe da sassafe lokacin da raɓa ta sa ta yi laushi, don kada ganyen ya zube. A ajiye a kan rumfa ko cikin ɗaki inda rana da ruwa da gara ba za su same ta ba. Harawar da ta shekara a kan soro rana na dukanta har ta yi fari, rabin amfaninta ya tafi. Wadda ta yi fumfuna kuwa kada a ba dabba sam. Manomin da ke nufin kiwo sai ya ware wani gefe na gonarsa ya shuka wake mai yaɗo irin kanannado, wanda ke ba da harawa da yawa. Kowar wake, watau ɓawon da ya rage bayan an sussuke, ita ma kada a zubar, a ɗura a buhu.

Harawa kaɗai za ta riƙe akuya, amma ba za ta cika ƙwarya ba. Mai shayarwa tana bukatar ƙari: dusar gero ko ta dawa ko ta masara kashi uku, a gauraya da kashi ɗaya na dakakken ƙuliƙuli ko tunkuza ko angurya. A ba ta kamar giram 300 zuwa 400 a rana, rabi da safe, rabi da yamma. Ba sai kana da sikeli a gida ba. Auna sau ɗaya a kasuwa, ka zuba a kwano, ka yi alama a inda ya tsaya. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako guda. Haka kuma duk wani sabon abinci, da sannu a ke shigar da shi. Akuyar da ta faɗa wa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi, cikinta kan kumbura, ta mutu kafin gari ya waye. A rufe rumbu da ɗakin ajiya.

Ga kuma abincin da Allah ya ajiye mana a bisa. Akuya dabbar ganye ce, ta fi son ta ɗaga kai ta ci da ta sunkuya. Gawo, kamar don awaki aka yi shi: da damina ya kaɗe, da rani ya yi ganye, 'ya'yansa kuma su zubo daidai lokacin da abinci ya yi wuya. A sa yara su tsinto 'ya'yan gawo a tara a buhu, a riƙa ba kowace akuya cikin tafi biyu a rana. Ganyen aduwa, da magarya, da kalgo, da yaɗiya, da zogale, da ganyen dankali daga fadama, duk suna taimako. Sai dai a yi sassabe da hankali, kada a gundule itacen da za a nema baɗi.

Abubuwa uku a kiyaye. Gyauron dawa, watau ɗanyen tohon da ke fitowa bayan girbi, yana da dafi, yakan kashe dabba nan take. Ɗanyen ɓawon rogo ma haka, sai an shanya shi ya bushe ƙayau. Na uku leda. Akuyar da ke yawo a gari tana haɗiyar leda, ledar ta taru a tumbi ta cunkushe, sai ka ga dabba tana ramewa ciki kuwa ƙato, ba maganin da zai fitar da ita. Mahauta sun san wannan sarai. Dalili ke nan babba da ya sa na fi son akuyar tatsa ta zauna a gida a kawo mata abinci.

Kada a zuba abinci a ƙasa. Akuya tana da ƙyanƙyami, abin da ta taka ko ta yi wa fitsari ba ta ƙara ci. A ɗaure harawa a rataye daidai kanta, dusa kuma a kwano ko komi.

Ruwa kuwa, kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Mai shayarwa takan sha lita huɗu zuwa shida a rana da bazara. A ba ta mai tsabta safe da rana da yamma, kada a dogara ga ruwan wanke-wanke, balle mai sabulu. Ruwan tsari da ƙasari ba laifi in ba su yi tsami ba. A ajiye mata dutsen lasa, ko a riƙa barbaɗa ɗan gishiri da 'yar kanwa a dusa.

TSARA LOKACIN HAIHUWA

Cikin akuya wata biyar ne, wajen kwana 150. Awakinmu suna ɗaukar ciki a kowane lokaci na shekara, wannan kuwa dama ce, don kai za ka zaɓi lokacin. In ka bar wa bunsurun unguwa, shi zai zaɓa maka, sau da yawa kuma sai haihuwar ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin sanyin ƙasa da tsutsar ciki, ko a ƙarshen bazara lokacin da rumfa ta zama wayam.

Ga yadda na ke ba da shawara ga mai awaki biyu. Ta fari a kai ta ga bunsuru a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta haihu a Oktoba ko Nuwamba, ga sabuwar harawa, ga kowa, ga dusa ta wadata. Za a sha nononta har wajen Fabrairu. Ta biyu a kai ta a Satumba ko Oktoba, lokacin tana da ƙiba, ta haihu a Fabrairu ko Maris. Wannan ita ce za ta ci ajiyarka da 'ya'yan gawo, ita ce kuma za ta ba yara madara da bazara, lokacin da shanun Fulani suka yi nisa nono ya yi tsada. In ka san ajiyarka ba ta da yawa, kada ka yi ta biyun, haɗa su duka su haihu da kaka.

Wani abu guda: a watan Mayu awaki a rame su ke, ramammiyar akuya kuwa ba ta saurin ɗaukar ciki. Sai a ƙara mata dusa mako uku kafin a kai ta.

Alamar akuya tana neman barbara ita ce yawan kuka, da kaɗa bindi, da rage cin abinci, gabanta ya ɗan kumbura yana fitar da ruwa mai yauƙi. Abin kwana ɗaya ne zuwa biyu. In aka kuskure, sai bayan mako uku. In an kai ta, mako uku ya wuce ba ta sake nema ba, to ta ɗauka. A rubuta ranar a bango ko a takarda, a ƙirga wata biyar. Burguma kada a bari a hau ta sai ta kusa shekara, in ba haka ba ta tsumbure, ɗan ma ya zo ƙanƙane.

Mai awaki biyu ba ya bukatar ajiye bunsuru. A nemi na maƙwabci wanda uwarsa mai nono ce, kada kuma ya zama ubanta ko ɗan'uwanta. 'Yan bunsuran da aka haifa a gida a dandaƙe su tun suna ƙanana, ko a sayar kafin su kai wata huɗu.

WURIN KWANA

Ba a bukatar gini mai tsada. Rumfa mai jinka ko kwano wadda ba ta yoyo, a kare ta da zana ko katanga ta gefen gabas da arewa saboda iskar ruwa da ta hunturu, sauran gefen a bar iska ta shiga. Kowace akuya da 'ya'yanta a ba su fili kamar ƙafa huɗu da ƙafa huɗu. A cika daɓen ya fi tsakar gida tudu, ya ɗan gangara don fitsari ya wuce. Akuya ta ƙi jinin laima. In an sa mata ɗan gado na itace ko benci, a kai za ta kwana. A keɓe wani ɗan lungu da ƙofa inda za a riƙa rufe 'ya'yan da dare. A share kullum, a tara kashin a rami guda tare da ragowar abinci, kafin shuka ya zama taki mai kyau. In ɗaure ta a ke yi a turke, igiyar ta zama mai tsawo, ƙullin wuyan kuma kada ya zama zarge.

HAIHUWA

Mako shida na ƙarshe ɗan ya fi girma a ciki, sai a fara ba ta dusar nan tun lokacin. In haihuwa ta matso hantsa takan cika ta yi sheƙi, gindin bindi ya lotsa, ta riƙa kwanciya tana tashi. A shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, a ƙyale ta. Akasari da kanta ta ke haihuwa. In ta yi kamar awa ɗaya tana nishi sosai ba abin da ya fito, a kira malamin dabbobi, kada a tsaya ja da ƙarfi.

Da ɗan ya faɗo a share masa hanci da baki, a bar uwar ta lashe shi. A tsoma cibiyar a ruwan aidin. Kada a shafa mata toka ko ƙasa. Abu mafi muhimmanci shi ne ya sha daƙashi, watau nonon farko mai kauri, cikin awa ɗaya ko biyu na farko. Daƙashi shi ne rigakafin ɗan akuya, wanda bai samu ba da wuya ya yi rai. In kan nonon ya toshe a ɗan matsa ya buɗe, in ɗan ba shi da ƙarfi a riƙe shi a kai bakinsa. Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan awoyi. A binne ta. In ta wuce rabin yini ba ta faɗo ba, aikin malamin dabbobi ne.

TATSA

Mako uku na farko nonon na ɗan ne, kada a taɓa. Wanda ya yi gaggawa a nan yakan sami madarar kwana goma ya rasa ɗan akuya. Bayan mako uku, sai a riƙa rufe ɗan a lungunsa da almuru, da safe a tatsi uwar, sa'an nan a sake shi ya wuni tare da ita yana sha. Sau ɗaya ke nan a rana. In tagwaye ne a jinkirta har sun yi wata ɗaya da rabi, kuma kada a tatse ƙaf. A riƙa duban 'ya'yan: in suna tsalle-tsalle, gashinsu na sheƙi, to ana daidai, in suna yawan kuka sun dosa ramewa, a rage tatsa. Tun suna mako biyu a rataya musu harawa mai laushi su fara koyo. A wata uku a ke yaye su, daga nan a tatsa safe da yamma har nonon ya ja baya.

Akuya tana son sabo. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A zuba mata dusarta a lokacin, tana ci ana tatsa. Ba duka, ba tsawa, ba yara masu guje-guje, don in ta tsorata sai ta riƙe nonon. Mai tatsa ta wanke hannu da sabulu, ta yanke farce, ta goge hantsar da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ta tsane. A kama gindin kan nonon da babban yatsa da manuni a rufe, sa'an nan a matsa da sauran yatsu zuwa ƙasa. Matsawa a ke yi, ba ja ba. Tsirtowa biyu na farko daga kowane nono a yi su a wani baƙin kwano dabam a duba, a zubar.

Masu cewa nonon akuya yana ƙarni, yawanci ba daga akuyar ba ne. Daga bunsuru ne in yana kusa, ko gashi da ƙura da suka faɗa ciki, ko ƙwaryar da ba ta wanku ba. A tatsa nesa da wurin kwanansu, a kwanon da aka wanke aka kife a rana, a tace da farin ƙyalle nan da nan.

Sa'an nan a dafa. Wannan ba shawara ba ce, wajibi ne. A ɗora a wuta har ta tafasa ta taso, a sauke, a rufe. Akwai cutar da a ke kira bakkale, mai sa dabba ɓari da kumburin gwiwa, tana bin ɗanyar madara ta kama mutum. Sai ya yi ta zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ana ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi. Dabba tana iya ɗauke da ita ba a gani a ido. Tafasawa tana kashe ta, tana kashe wasu cututtukan ma. Ko kindirmo za a yi, a fara dafawa, in ta huce ta yi ɗumi a zuba cokali ɗaya na kindirmon jiya, a rufe a kwana. Don haka kuma in akuya ta yi ɓari kada a taɓa ɗan da hannu tsirara, a sa leda a hannu, a binne da zurfi, mace mai ciki kuwa kada ta kusanci wurin.

Madarar akuya tana da sauƙin narkewa a ciki, ta dace da yara da tsofaffi, a kunu ko a fura. Amma uwargida, a kula: jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai a ke ba shi. Bayan wata shida a iya zuba dafaffiyar madarar a kununsa, ana kuma ci gaba da shayar da shi.

CUTUTTUKA

Wadda ta fi kashe mana awaki ita ce annobar nan ta mura da zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Dabba ta yi zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo yana wari, sai zawo, sai mutuwa, ta bi gida gida. An fara gane ta a ƙasar Kodebuwa a 1942. 'Yar'uwar bushiya ce ta shanu, wadda aka tabbatar an kawar da ita daga duniya a 2011 ta hanyar allura. Ita ma wannan ba ta da magani in ta kama, amma tana da allurar rigakafi, ana yin ta a Vom kusa da Jos. A yi wa duk ɗan akuyar da ya kai wata huɗu. In masu allura sun zo gari, kada a ɓoye awaki. Sabuwar dabba daga kasuwa kuma a ɗaure ta ita kaɗai mako uku kafin a haɗa ta da na gida, don ta nan cutar ta fi shigowa.

Tsutsar ciki da damina ta ke ɓarna. Tana shan jini, dabba ta rame, nono ya ƙafe, wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: ja fatar idonta ta ƙasa ka duba cikin. In ja ne, lafiya. In ya koɗe ya yi fari-fari, tana bukatar magani. Da a kan ce a ɗura wa garke duka magani kowane wata, yanzu an gane yin haka yana sa tsutsar ta saba da maganin ya daina aiki. A ba wadda ke bukata, a ba ta cikakken awo. Wasu magungunan tsutsa suna ɓata ciki in yana sabo, saboda haka a gaya wa malamin dabbobi in an kai ta ga bunsuru. Ciyawar damina a yanko ta bayan raɓa ta bushe, a bar ta ta ɗan sha iska.

Ciwon hantsa kuwa na masu tatsa ne. Dalilin duba tsirtowar farko ke nan. In an ga gudaji ko jini ko madarar ta tsinke kamar ruwa, hantsar ta yi zafi ta yi tauri, akuyar tana harbi in an taɓa, to ya kama. A tatse ɓangaren sau uku ko huɗu a rana a zubar, a gasa da ruwan ɗumi, a nemi malamin dabbobi ran nan. In aka yi sakaci ɓangaren kan mutu har abada. Mai ciwon ita a ke tatsa daga ƙarshe, a wanke hannu bayan an gama.

Duk lokacin da aka yi wa akuya allura ko aka ɗura mata magani, a tambayi kwana nawa za a yi kafin a sha nononta, don maganin yana fita ta nono. A cikin kwanakin nan a tatsa a zubar.

Kaska da ƙwarƙwata da ƙazuwa, a riƙa dubawa a kunne da ƙarƙashin bindi. Akuyar da ke zaune a gida kofatonta kan yi tsawo ya lanƙwashe. A gyara da wuƙa mai kaifi kowane wata biyu ko uku.

HUTU KAFIN WATA HAIHUWAR

Bayan wata uku ko huɗu nonon zai ragu da kansa. In akuyar ta riga ta sake ɗaukar ciki, lalle a daina tatsa aƙalla wata biyu kafin ta haihu, don hantsa ta huta, ɗan cikin kuma ya samu. Yadda a ke yi, a janye dusa, a koma tatsa sau ɗaya a kwana biyu na mako guda, sa'an nan a bari. Kwana uku na farko hantsar za ta cika, a riƙa shafawa ana dubawa ko ta yi zafi.

Ga akuyar da a ke tatsa, haihuwa ɗaya a shekara ta isa. A riƙa auna madarar kowace da kofi ɗaya, ranar Juma'a ranar Juma'a, ana rubutawa. A ƙarshen shekara takardar za ta nuna wadda za a riƙe 'yarta da wadda za a kai kasuwa kafin Salla. Mai neman ƙarin bayani, ko wanda ke son a taya shi lissafin harawarsa kafin girbi, sai ya ga malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa.